Tab Ɗin Abban Basira

Ni nas ce, allura da bandeji na sani, ba ruwana da harkar kwamfuta. Amma macen da ta auri mutum irin Zakariyya dole ta haddace abin da bai shafe ta ba, don ko tuwo yake ci sai ya sako zancen aikinsa tsakanin loma da loma. A haka na san mene ne kod, wato rubutun nan da suke jera wa kwamfuta don ta san abin da za ta yi. A haka kuma na san tab, ɗan maɓallin da ya raba mijina da aikinsa.

Shi da abokinsa Sadiq suka buɗe kamfanin, a wani bene da ke Gyadi-Gyadi, saman shagon masu sayar da sandunan dogarawa da na'urar gwajin hawan jini. Manhaja suke rubutawa ta shagunan magani, mai gaya wa mai shago abin da ya ƙare da abin da ya kusa lalacewa. Unguwar kuwa ko ina ka juya kyamis ne, saboda asibitin koyarwa da ke kusa, don haka ba su sha wuyar samun masu saye ba. Su biyu suka fara, da fanka ɗaya mai kuka. Sadiq ma ya iya rubutun, amma ƙarfinsa a baki yake, shi ke yawo shago-shago da takalminsa mai sheƙi. Zakariyya ne ya zauna ya rubuta yawancin manhajar, kuma yana ji da ita kamar yadda yake ji da 'yarmu Basira, wani lokacin ma har fiye, in za a faɗi gaskiya.

Tun muna sabbin aure ya zaunar da ni ya yi min karatun tab, ba tare da na tambaye shi ba. Ya ce kod ba a rubuta shi kamar wasiƙa. Layin da ke ƙarƙashin wani sai a ɗan tura shi ciki, na ƙarƙashinsa a ƙara tura shi, har rubutun ya koma kamar matakalar bene, kuma da ganin matakalar ake sanin wane layi ke bin umarnin wane. Hanyar turawar biyu ce: ko ka danna dogon maɓallin nan na tazara sau huɗu, ko ka danna tab sau ɗaya. Na leƙa na ga duk ɗaya ne a ido, na yi masa dariya. Ya ce a'a. Tazara huɗu a daskare take, yadda aka sa ta haka kowa zai gan ta. Tab kuwa kowa ke gaya wa kwamfutarsa faɗin da yake so, wani ya buɗa, wani ya matse. Na ce to Allah ya ba da sa'a, miƙo min kwanon miyar.

Ni na fara lura da idonsa. Sai ya bugi ƙyauren ɗaki da kafaɗa ya ce kafinta ne bai iya aiki ba. Sai ya ture kofin da ke gefensa ya ce ni ce ba na ajiye abu a muhallinsa. Ranar da hankalina ya tashi, Basira na tsaye dab da gwiwar hannunsa, shi kuma yana ta ƙwala mata kira yana duban ƙofa. Da ƙyar da lallashi da fushi na kai shi ɓangaren ido na asibitin koyarwa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin sa ta gefe-gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Magani zai rage masa gudu ne kawai. Zakariyya yana gani kamar mai leƙe ta cikin bututu, abin da yake hangowa a ƙarshen bututun ma dishi-dishi ne.

Da muka dawo gida Tarauni, sai ya buɗe kwamfutarsa. Ya ƙara girman haruffa har kowanne ya kusa kai ɗan yatsa, sannan ya matse tab ɗinsa ya zama siriri. Matakalar nan ta tsuke, rubutun ya tattaru a gefe ɗaya inda bututunsa ke iya kamawa. Ya juyo yana murna kamar yaron da ya tsinci alewa, ya ce da wannan dabarar zai ci gaba da aiki muddin da sauran gani, kuma so yake ya kammala sabon zubin manhajar da hannunsa kafin abin ya ci ƙarfinsa. A ofis ya ja teburinsa lungu, ya ba bango baya don kada wani ya ga manyan haruffansa. Ya ce wa Sadiq iskar fanka ce ke sa shi mura.

Sannan ya kafa min doka, kada kowa ya ji, har Sadiq.

Na san inda dokar ta samo asali. Mahaifinsa, Malam Idris, tela ne a Unguwa Uku, shi ma wannan ciwon ne ya rufe masa ido. Zakariyya ya taso yana kallon yadda baƙi ke shigowa su tsaya a kan mahaifinsa su tambayi Inna, matar gidan, "Ya ci abinci? Yana barci kuwa?" alhali mutumin yana zaune da kunnuwansa da hankalinsa. Ya ce min shi ba za a yi masa haka ba. Gara a ce ya cika taurin kai da a riƙa ce masa sannu. Na ce ai taurin kan ba sai an ƙirƙira maka ba, kana da shi tun fil azal. Amma na yi masa alkawari.

Ana haka aiki ya bunƙasa, suka ɗauki ma'aikata. Kowa ya zo da hannunsa: wani tab, wani tazara biyu, wani huɗu, wani kuma ya cakuɗa su kamar dafa-duka. Sadiq ya gaji da faɗa, sai ya kawo wata 'yar manhaja da ke gyara tsarin rubutu da kanta. Da zarar mutum ya ajiye aikinsa, sai ta bi layi-layi ta daidaita komai ya zama iri ɗaya, ba ta shawara da kowa. A ofis suka raɗa mata suna mai guga. Abin da ya rage shi ne a gaya mata wane tsari za ta bi, tab ko tazara. Aka yi mitin, aka ɗaga hannu, kowa ya zaɓi tazara huɗu sai Zakariyya kaɗai.

Ya dawo gida yana huci, ko takalmi bai cire ba ya fara ba ni labari.

"Wai sitandad! Sadiq ya dube ni ya ce wai haka duniya ke yi. Wace duniyar? Ni da na rubuta abin nan tun yana yawo da jakar talla?"

Na ce, "Ka gaya musu dalili?"

"Na gaya musu mana. Na ce tab ne daidai."

"Dalilinka nake nufi, Abban Basira."

Ya yi kamar bai ji ba, ya tambayi ko akwai ruwan sanyi.

Daga ranar rayuwarsa ta koma kokawa da mai guga. Duk fayil ɗin da ya buɗe, matakalar ta buɗe ƙafa ta gudu dama. Da manyan haruffansa, layin da ya shiga ciki hawa uku ko huɗu ya riga ya fice daga inda yake gani, sai ya bi shi da kai kamar mai neman allura a tabarma. Sai ya mayar da fayil ɗin tab, ya yi ɗan aikinsa, da ya ajiye mai guga ta bi bayansa ta goge. Ya sake mayarwa, ta sake gogewa. Ita ba ta gajiya, ba ta jin kunya, ba ta san shi ne ya kafa kamfanin ba. Aikin da yake gamawa kafin azahar ya koma kai shi la'asar, ya dawo gida da ciwon kai, idanu jawur, na ɗiga masa magani yana min ƙorafin Sadiq.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, maimakon ya tattala ɗan ganin da ya rage masa, sai ya ɓarnatar da shi wajen rubuta musu dogayen saƙonni a zaurensu na waya. Tarihin tab, falalar tab, manyan da ke amfani da tab, ba abin da bai kawo ba sai gaskiyar magana. Ma'aikatan suka koma kiransa Malam Tab a bayan idonsa, har da mai yin sitika da hotonsa. Da ya ji labari ya zo yana dariya yana ba ni, amma na zauna da shi shekaru, na san dariyarsa ta gaske. Ban ga laifin ma'aikatan ba sosai. Abin da suka gani shi ne babban mutum yana tayar da jijiyar wuya a kan abin da ido ma ba ya bambancewa.

Wata rana ina wurin aiki Sadiq ya kira ni. Bai saba kirana ba sai da dalili.

"Maman Basira, don Allah me ke damun mutumin nan? Ko wani abu na yi masa ban sani ba? Kullum a lungu, ba ya bari a zo kusa da teburinsa, aikinsa ya ja baya. In na yi magana sai ya ce tab."

Maganar ta zo min har baki. Na tsaya da audugar da ke hannuna, na tuna alkawari, na ce, "Ai abokinka ne, ka tambaye shi."

"Na tambaya. Ya ce lafiyarsa lau."

"To ka ji."

Har yau in na tuna wayar nan raina ɓaci yake, kuma ban san takamaimai haushin wa nake ji ba. Da na koma gida na ce wa Zakariyya abokinka ya damu, ka sake ni daga alkawarin nan ko ka faɗa masa da bakinka. Ya ce in bar shi ya kammala sabon zubin tukuna, ranar da ya gama zai zaunar da Sadiq ya gaya masa komai, a lokacin ba wanda zai ce tausayi ne ya riƙe shi a wurin.

Bai kammala ba. Cikin wannan mayarwa da gogewa, wani layi ya zame ya shiga ciki hawa ɗaya fiye da inda ya kamata, can dama inda ba ya gani. A irin kod ɗin da suke rubutawa, matsayin layi shi ne ma'anarsa, don haka umarnin ya canza. Kuma layin da ke gargaɗi a kan maganin da ya kusa lalacewa ne. Wani mai kyamis a Unguwar Gano ya buɗe kwali ya tarar da maganin tarin yara wa'adinsa ya wuce, kwamfuta ba ta ce masa komai ba. Allah ya kiyaye bai sayar ba, amma ya hau benen nan ya zazzage musu ta tas a gaban ma'aikata. Da aka bincika, aikin Zakariyya ne.

Sadiq bai yi masa faɗa ba. Ya ja shi gefe, cikin ladabi da girmamawa, ya ce ya ga alamar ya gaji da zaman tebur, me zai hana ya bar wa ma'aikata rubutun, shi ya koma zagayen shaguna yana ganawa da masu saye? A ganinsa gata ya yi masa. Bai san yana magana da mutumin da sai ya jira wani ya zo tsallaka titin Zariya sannan ya bi bayansa ba. Zakariyya ya ce, "Wato na zama ɗan talla." Ya tattara cajarsa da kofin shayinsa ya sauko. Ranar ina hutu, ina tsakar gida ina shanya, sai na ji adaidaita ta tsaya a ƙofar gida tun rana ba ta take ba. Ya shigo ya zauna a kan tabarma da jakarsa a kafaɗa, ya ce, "Safiya, na bar musu."

Na yi kuka, na yi masifa, na ce bari in je in gaya wa Sadiq yanzun nan. Ya ce in na je, to in san na tona masa asiri a ranar da ya fi kowace rana kunya. Sadiq ya yi ta kira ba ya ɗauka, ya zo gida aka ce ba ya nan alhali yana ɗaki, har shi ma ya yi zuciya ya daina.

A gida ba mai guga, ga tab ɗinsa yadda yake so, sai dai ba abin rubutawa. Da farko yakan buɗe kwamfutar ya ce zai fara wata manhajar tasa ta kansa, wadda za ta fi waccan. Daga baya ya koma buɗe ta kawai. Daga baya kuma Basira ce ke kallon katun a cikinta. Damina ta zo ta wuce, aka yi masa aiki a ido ɗaya, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma bututun nan ya ci gaba da tsukewa. Ya haddace gidan da ƙafarsa, ya san inda randa take da inda turmi yake, har baƙo zai shigo ya fita bai gane komai ba. Masallacin layinmu kawai yake zuwa, shi ma da bin bango.

A layin ganin likitan ido asirin ya tonu, ba da bakina ba. Sadiq ya kawo mahaifiyarsa a duba mata yanar ido, ya hango mu a benci, Zakariyya na riƙe da gefen mayafina. Ya taho ya tsaya a gabanmu, ɗan gefe kaɗan, ya yi sallama. Zakariyya ya ɗago yana juya kai gaba ɗaya, hagu da dama, yana neman inda muryar ta fito. Da ya gane mai maganar sai ya saki mayafin, ya gyara zama, ya ce, "A'a, mutumina! Dubiya muka zo." Katin asibitin kuwa yana hannuna, da sunansa ɓaro-ɓaro a kai. Sadiq ya dubi katin, ya dubi abokinsa, ya ce Allah ya ba mara lafiyar sauƙi, ya koma wurin mahaifiyarsa.

Da yamma ya kira ni. Wannan karon ban ɓoye komai ba, don ba sauran abin ɓoyewa. Na gaya masa bututun, da manyan haruffan, da dalilin lungu, da yadda tazara huɗu ke kore masa rubutu daga gani.

"Maman Basira, kalma ɗaya ce fa," in ji shi. "Kalma ɗaya ake canzawa a mai guga ta koma tab. Wallahi kafin shayi ya huce an gama. Mu ba abin da zai rage mu, kowa sai ya buɗa nasa yadda yake so. Me ya sa bai faɗa ba? Me ya sa ni ban leƙa teburin nan ba?"

Na ce sai haƙuri, ya ce da wa?

Ranar Asabar bayan la'asar ya zo gida da kwamfutarsa a hannu. Wannan karon ban tambayi kowa ba, na yi masa iso har falo. Suka gaisa sama-sama kamar surukai. Sadiq bai ambaci asibiti ba, bai ambaci ido ba, kuma na gode masa a raina. Ya buɗe kwamfutar, ya ƙara girman haruffa, sannan ya ce, "Zakari, mun sake mitin. Mun koma tab, kamfanin gaba ɗaya. Mai guga yanzu tab take bi. Kai ke da gaskiya tun farko, teburinka kuma yana nan ba wanda ya taɓa."

Fuskar mijina ta washe irin yadda na daɗe ban gani ba.

"Ai na gaya muku! Sai da kuka sha wuya ko? Wa ya fara dawowa hanya?"

"Ni ne," in ji Sadiq. Ya ɗora masa kwamfutar a cinya. "Ga shi, duba ka gani."

Zakariyya bai duba nan take ba. Ya dafa ta da hannu biyu ya shiga ba Sadiq tarihin tab tun daga tushe, yana yi yana dariya, yana tambayar ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, har da mai sitikar. Na tashi na haɗo musu zoɓo. Kafin in dawo da tiren, kwamfutar ta gaji da jira ta kulle kanta. Rubutun ya ɓace, hoton 'ya'yan Sadiq ya cika fuskarta, su uku cikin kayan sallah suna dariya.

A lokacin ne Zakariyya ya ce bari dai ya gani. Ya sunkuyar da kai har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya laluba ya sami maɓallin da ke saukar da shafi, ya shiga dannawa a hankali yana gyaɗa kai.

"Yawwa," ya ce. "Yanzu ka ga tsari. Dubi yadda komai ya zauna a muhallinsa." Ya sake dannawa, ya ɗora yatsa a kan hular ƙaramin yaron. "Nan wurin fa, wa ya rubuta? Hannunsa da kyau."

Sadiq ya miƙa hannu zai taɓa kwamfutar, sai ya fasa, ya mayar da hannun cinyarsa. Ya dube ni, na kawar da kai.

"Kai ne ka rubuta," in ji shi.

Zakariyya ya yi murmushi ya ci gaba da dannawa. Na ajiye tiren a ƙasa ban zuba wa kowa ba, na shige kicin na kunna famfo.